Riyal ɗin da mahaifina ya zo da shi

Lokacin da ake rushe tsofaffin gidaje don faɗaɗa Harami, leburori kan tsinci kuɗin zamanin da a cikin ƙasa, su kawo mini rumfata. Da farko a kan sikeli nake saye, in kai wa maƙeran azurfa su narke. Ana nan sai wani dattijo mutumin Sham, malamin makaranta, ya fara zuwa da gilashin ƙara girma a aljihu. Shi ya hana ni goge su da toka da lemun tsami. Ya koya mini gane na Turkawa da na zamanin Sharifai, da inda ake duba garin da aka buga kowanne. Na ga sun fi tsada a hannun irinsa, na daina kai wa maƙera.

Mahaifina a ƙafa ya zo, ta Cadi da Sudan, ya rasu ina goye. Mahaifiyata a hanya ya aure ta, kuma abin da ta sani kawai shi ne daga ƙasar Hausa ya fito. Sunan garin, ta ce ya taɓa faɗa, ta manta. Ya bar kuɗin azurfa guda, babba, a ɗinke cikin jar fata kamar laya. Da na ga kuɗi na faɗin garin da aka buga su, sai na warware ɗinkin na miƙa wa dattijon.

Ko gilashi bai ɗauko ba.

"Riyal Faransa ne, ɗana. Ka ga matar nan mai lulluɓi? A Turai ake buga shi, shekara ɗaya ce a rubuce a jikin dukansu. Daga Yaman har ƙasarku ana cin kasuwa da shi."

"To, Ustazu, garin fa?"

"Ba zai gaya maka ba. Fatar za ka tambaya. Ni ban san fata ba, mutanenku sun sani."

Da Hajji ya zo na tafi Mina da fatar, ina bin tantunan alhazanmu. Wani Bakano ya juya ta, ya shinshina.

"Wallahi jimar Kano ce. Ɗan'uwa, kai namu ne!"

Wani Basakkwace da ke kishingiɗe ya fizge ta.

"Kai dai Bakano, komi ka gani naku na? Jar akuya ina taka in ba Sakkwato ba?"

Wani tsoho daga Damagaram ya jira suka gaji, ya ce ɗinkin dai irin na garinsu ne, kakarsa haka take yi. Suka zuba mini fura, kowa na cewa in biyo shi gida, akwai ɗaki. Na sha, na yi ta dariya tare da su, ban so tashi ba.

Shekara uku ina komawa, amsar ba ta sake ba. Ni ɗan kasuwa ne, na san idan mutum uku suka yi wa kaya suna uku, ba wanda ya san shi. Na daina tambaya.

Na samu kuɗin jirgi daga baya, har da rara. Sau biyu ina zuwa ofishin masu tikiti a Jidda. Magatakardan ya ce, "Wane gari, Alhaji?" Na tsaya ina kallonsa, sannan na ce zan dawo.