Fuskar Auta a Ƙarƙashin Fenti

Mai Fenti abokina ne, kuma ubangidana a wurin aiki, ko da yake na girme shi. Ni nake kankare bango, in toshe ramuka, in dama fenti, in riƙe masa tsani. Shi ya sa yake ce mini Tsohon Tsani, ni kuma in ce masa Dogo, don inda wani sai ya taka benci shi a tsaye yake kaiwa.

Tun yana ƙarami aka kai shi wurin wani mai rubuta allunan shaguna, can ya koyi zane. Da injin buga allo ya kashe sana'ar sai ya koma shafe gidaje, amma hannun bai manta ba. Duk bangon da za mu shafa, sai ya fara tsoma ƙaramin buroshi a ragowar fentin ruwa ya zana wani abu: kaza, jirgi, ko tumbin mai gidan. Ni kuma in ƙaga masa baiti in rera. Mu yi dariyarmu, ya ɗauki rola ya rufe. Akwai manyan faluka a garin nan da kaza ke kwance a ƙarƙashin farinsu, masu su ba su sani ba.

Sai Auta ta rasu, 'yarsa ta ƙarshe, budurwa mai koyon ɗinki. Zazzaɓi ne, bai ma daɗe ba. Dogo bai yi kuka ba, ko sunanta bai ƙara furtawa a gida ba. Da muka koma aiki babu kaza, babu jirgi. Fuskarta kawai yake zanawa, ya tsaya ya dube ta, ya rufe. Ni kuma na kama bakina, har ran da ya ce daga kan tsani, “Tsoho, maƙogwaron ya mutu ne?”

Daga ranar muka fara yi mata waƙa. Shi yake kawo maganar yana fuskantar bango, ni in ɗora mata murya:

Auta mai dariya da wushirya,
Takalminki na nan a bakin ƙofa,
Kin fita ba ki ce a ɗauke ba.

Matarsa ba ta san da wannan ba. Ta same ni wata rana ta ce, “Yaya, abokinka dutse ne. Ni kaɗai na haifi yarinyar nan? In ba zai iya kiran sunanta ba, gidan wana zan koma.” Na ba ta haƙuri, amma ban tona ba, don sirrin ba nawa ba ne. Ana cikin haka ya ce zai shafe ɗakin Auta. Ita a ganinta goge yarinyar zai yi gaba ɗaya. Ta haɗa jakarta ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce gari na wayewa za ta tafi.

Aikin nan shi kaɗai ya yi, bai kira ni ba, kuma ni ne mai miƙa masa gwangwani. Da ya tashi zane sai hannunsa ya faɗa kan fentin mai, ruwan ƙasa, wanda muke shafa wa ƙofofi. Fentin ruwa ba ya zama a kan na mai. Yana ɗanye za ka rantse ya rufe, yana bushewa sai na ƙasa ya leƙo.

Da safe wayata ta yi ƙara. Matarsa ce. “Yaya, ka zo! Auta ta fito a bango!”

Na tarar da maƙwabta cirko-cirko a ƙofar ɗakin, wata na ta salati, wani na cewa kada kowa ya shiga. Na kutsa. Wallahi duk da na san hannun da ya yi, sai da na ja da baya. Ga farin bango, ga Auta tana fitowa ta cikinsa, idanun, wushiryar, har ɗaurin ɗankwalinta da ke karkata gefe. Na shafa wurin na ji santsi, na sunsuna yatsana. Dogo na zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa.

“Ba aljani ba ne,” na ce. “Fentin ƙofa ne.”

“Wa ya zana?” in ji matar.

Dogo bai ɗago ba. Sai na faɗa mata komai.

“Bango guda nawa?” in ji ta.

“Duk wanda muka shafa tun rasuwarta.”

Ta dafe ƙirji, bakinta a buɗe. “Wato 'yata na cikin gidajen mutane, har da asibitin nan da kuka shafa, ni kaɗai aka hana gani?”

Ya miƙe a hankali ya ɗauko abin kankara. “Kuskure ne. Bari in cire.”

Ta cafke hannunsa. “Taɓa ka gani!” Ta matsa kusa da bangon tana duba shi kamar mai duba ɗinki. “Kai da kake ji da kanka gwani, ina tabon goshinta? Wanda ta samu da ta faɗo daga kan teburin guga?”

“Auta ba ta son a gan shi,” in ji shi. “Ba shi ya sa take karkata ɗankwali ba?”

Sunan na fita daga bakinsa sai kukan ya biyo baya, irin kukan da ban taɓa ji daga babban mutum ba. Maƙwabta suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ni ma na juya zan fita, matar ta ce, “Ina za ka, Yaya? Waƙar fa? Ko ita ma ta mutanen waje ce?”

Na rera, murya na kakkaryewa. Da na kai wurin takalmin, Dogo ya karɓa ya ƙarasa, har da wani baiti da ban taɓa ji ba.

“Kai Yaya,” ta ce tana jan hanci, “da wannan muryar ta tsohuwar ƙofa kuke yi wa 'yata waƙa?”

Ta fita ta jawo jakar nan cikin ɗakin, ta zuge ta, ta ciro zane ta miƙa wa mijinta ya share fuska. Ta zauna a kan sauran kayan tana kallon bango, ta ce in sake daga farko, a hankali, don ta riƙe.