Bakancen Kaka da Faifan Jar Mota

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na ɗaga murfin robar da na kwaɓa ƙullun waina a ciki, tsamin nan mai daɗi ya daki hancina, sai ga ni na koma 'yar shekara goma sha ɗaya a kicin ɗin gidanmu na Pleasant Garden, kusa da Greensboro, can ƙasar Turawa.

Kaka, mahaifiyar babanmu, ta zo daga Katsina da niyyar wata uku, ta shekara shida. A cikin akwatinta ta taho da tandar waina, ta naɗe ta da zane kamar jaririya. Ba abin da ta tsana a gidanmu irin gem ɗin da muke bugawa a talabijin ni da ƙanena. Akwatin danne-danne take kiran sa, kullum tana ce mana wata rana manyan yatsunmu za su suɗe. Ni kuwa akwai wani faifan tseren mota mai hoton jar mota da na saya da barka da sallata, ko Mama ba ta isa ta taɓa shi ba.

Ƙanena yana da sikila. A shekarar nan, da ganyen itatuwa suka yi ja suka zube sanyi ya shigo, ciwon ya tashi masa fiye da yadda muka saba. Ya daɗe kwance a sashen yara na asibiti, har Baba ya daina ba'ar da yake yi a mota. A bakin gadonsa Kaka ta ɗaga hannu ta yi bakance, muna ji: in Allah Ya tashi kafaɗar yaron nan, za ta yi wa yaran sashen nan sadaka da hannunta.

Allah Ya tashe shi. Juma'ar da ta biyo baya Kaka ta soya waina kula biyu, ta yi miyar taushe. Baba ya fara yi mata bayanin yadda asibitin nan yake, ta yi masa kallo ɗaya, ya tuna yana da aiki a gareji. Mama ta tuƙa mu, ni ce tafinta. Nas ɗin da muka tarar, wata dattijuwa mai fara'a, ta ce ba a shigar wa yara abincin gida, don wasunsu ko ƙwayar cuta ɗaya jikinsu ba zai ɗauka ba. Kaka ta ce in gaya mata ai sai da ta wanke hannunta da sabulu kafin ta soya. Ta buɗe kula ta miƙa mata guda ta ɗanɗana. Matar ta ci, ta yaba, amma doka ba ta motsa ba. Da za mu fita ta ba ni wata takarda, ta ce ga abin da suke karɓa.

A mota na karanta. Sababbin gem suke so, waɗanda ba a ɓare ledarsu ba. Tsofaffi kuma akwai kasuwar da iyayen yara ke ci a ɗakin taron wata makaranta idan sanyi ya wuce, a sayar, a sayo wa asibiti sababbi. Na san inda zancen zai ƙare, don haka na ninke takardar na cusa ta ƙasan jakar makarantata. Ba na alfahari da wannan, amma haka aka yi.

Wainar ta tafi masallaci, aka cinye ta kafin la'asar. Liman ya ce wa Kaka ta kwantar da hankalinta, ta yi iya yin ta. Kaka ta yi masa godiya, ta dawo gida ta ce shi bai ji abin da bakinta ya faɗa ba. Yaran sashen nan ta ce, ba masu gemun masallaci ba. Daga nan ta rage cin abinci. Sai ta zauna bakin taga da carbi tana kallon itatuwan da ba ganye, tsoronta kada ciwon ya dawo wa yaron alkawarin yana wuyanta.

Wata ranar Lahadi ta tambayi ƙanena abin da ya fi ba shi sauƙi a asibiti, tana zaton zai ce allura. Ya amsa da Turanci, yadda ya saba, aka juyo gare ni in fassara. Cewa ya yi akwai wata talabijin mai taya da ake turowa ɗaki-ɗaki da gem a jikinta. Guda ɗaya ce, sai ka yi kwana biyu layi bai zo kanka ba, amma in ta zo yana manta ƙafarsa na ciwo.  Da na gama fassarawa, na tashi na ɗauko takardar da na ɓoye.

Kaka ba ta yi mini faɗa ba. Mayafi ta yafa. Mako uku Mama na zagayawa da ita gidajen Hausawan Greensboro, har da ƙawayen Mama 'yan Jos da Kafanchan, waɗanda suka yi mata shela a cocinsu. Yara suka gane motarmu, da sun hango ta sai kowa ya ruga ya ɓoye kayansa, amma ba wanda ya tsira. Ta tara kwali uku. Ni ma na zuba nawa duka, ban da guda.

Kaka ba ta karatun boko, amma idonta ba ya mantuwa. Ta birkita kwalin ta ce, “Ina mai jar motar nan?”

Na dubi ƙofar ɗakina, inda na ɓoye shi.

“Bar shi in kina so,” in ji ta. “Ni dai da na soya waina, ban ware masu kyau na ajiye wa kaina ba.” Na je na ɗauko shi na saka a kwalin.

Ranar kasuwar, garin furen itatuwa ya rufe motoci, kowace ta koma ruwan ɗorawa. Kowane faifai an manna masa farashi, haka tsarin yake, ka biya ka wuce. Kaka ba ta san wannan ciniki ba. Wani Bature daga Irving Park ya zo da ɗansa, yaron ya ɗauki faifaina, uban ya miƙo abin da aka rubuta. Kaka ta janye faifan ta ce, “Albarka.” Na yi masa bayani kunya kamar ta kashe ni, cewa kakata ta ce tayin bai yi ba. Ya yi dariya ya ƙara. Ta ce albarka. Sai a karo na uku ta sallama, ta janyo kula daga ƙarƙashin tebur ta ba su waina biyu gyara. Na shiga banɗaki na sha kukana, na wanke fuska na dawo.

Da aka kai sababbin gem ɗin, Kaka ta ce sai ta gani da idonta. Nas ɗin nan ta bar mu muka tsaya a bayan gilashin ɗakin wasa. Wata yarinya ce a zaune, kanta ba gashi ko ɗaya, ana ƙara mata ruwa a hannu, ta fito da harshe tana karkata jiki duk lokacin da motarta ta sha kwana. Kaka ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce in tambaya ko namu ne. Aka ce namu ne. Ta shafa fuska ta ce, “Alhamdulillahi, na sauke.” Ranar malmala biyu ta ci.

Kaka ta koma gida, a can ta rasu. Ƙanena yana Summerfield da 'ya'yansa biyu, ciwon yana leƙo shi lokaci-lokaci, kuma shi ke riƙe da teburinmu a kasuwar nan duk shekara. Kwalayen sai raguwa suke, don yanzu gem daga intanet ake sauke shi, gudummawar ma a waya ake danna ta, ba ka jin komai ya bar hannunka. Wannan yana damuna, shi ya sa har yau nake ɗora tandar Kaka a wuta.

Asabar ɗin nan na ga 'yata ta saka ɗan gem ɗinta na hannu a kwali, ta cire, ta sake mayarwa. Ban ce mata komai ba. A wajen kasuwa wata mata ta ɗauka ta miƙo kuɗi. 'Yar tawa da ba ta iya haɗa jimla biyu da Hausa ba ta dube ni ido cike da hawaye, ta janye shi ta ce, “Albarka.”