Kifin Teku a Bagama

Shekarar da aka kwaso ma'aikatan gwamnati daga Legas zuwa Abuja, har da mu a ciki. Gida bai samu a Abuja ba, sai muka kama ciki da falo a Bagama, nan Suleja. Cikin kayan da mota ta sauke mana akwai wani akwatin gilashi, tsawonsa bai fi kamu biyu ba. Wani Bature da maigidana ya yi aiki a ƙarƙashinsa ne ya bar masa shi da zai koma ƙasarsu, haɗe da buhunan wani gishiri na musamman, da duwatsun murjani masu rai, da kifaye uku. Biyu ruwan lemo ne masu ratsin fari, ɗayan shuɗi kamar an tsamo shi daga rini.

Ni abin bai burge ni ba. A sanina kifi na miya ne. To amma maigida da an idar da sallar asuba yake fita neman motar Abuja, sai bayan magariba ya dawo a gajiye. Wa ya rage a gida? Ni.

Da mita na fara, ban san lokacin da na iya ba. Akwai wani siririn ma'auni na gilashi da ake tsomawa a ruwan, inda ya tsaya shi ke nuna ko gishiri ya yi daidai. Na gane cewa idan ruwa ya ragu saboda zafi, ruwan ne kawai ya tafi, gishirin yana nan, don haka ruwa zalla ake ƙarawa. Ruwan 'yan garuwa ba ya yi, sai na tari na sama na tace, na adana a jarkoki don rani. Idan aka ɗauke wuta, injin da ke hura iska ya tsaya, sai in zauna kan kujerar tsugunno ina ɗibar ruwan da kofi ina zubo shi daga sama, har hannuna ya yi tsami. Sau nawa tuwo ya kama a tukunya ina wannan aiki! Lokacin bazara kuwa, maƙwabciyata, wata malamar firamare 'yar Filato, ita ke ba ni ƙanƙara daga firjinta, in ɗaure a leda in jefa ciki. Tana dariya takan ce, "Maman yara, waɗannan kifayen sun fi mu gata."

Shuɗin ya mutu a bazarar farko. Na yi kuka a bayan gida, ina jin kunyar kaina. Sauran biyun suka rayu, suka yi ɓulɓul. Murjanin da ya zo kamar busasshen dutse ya fara buɗewa yana kaɗawa a hankali. Su kifayen, da sun ga inuwar hannuna sai su taso sama. Maigida kuwa idan ya matso, bayan dutse suke shigewa.

Shekara biyu da 'yan watanni ina wannan hidima. Wata Asabar da hantsi ina tsince shinkafa, sai ga akori-kura a ƙofar gida. Maigida ya shigo da maza biyu, ya nuna musu akwatin.

Na ce, "Malam, lafiya? Ina za a kai su?"

Ya ce, "Gidan Darakta. Ya ji labarinsu, ya nuna sha'awa. Kin san rabon gidajen Abuja a hannunsa yake."

"Shi ne ko ka faɗa mini?"

Ya dube ni da mamaki, mamaki na gaske, ya ce, "Naki ne?"

Na juya na ɗauko bokiti. A gaban baƙi ma ba wurin magana ba ne. Da hannuna na kamo kifayen na sa a bokiti, don kada mutanen nan su ji musu ciwo. Na yagi takarda daga littafin makarantar 'yata na rubuta komai: yawan abinci, yadda ake duba ma'auni, da cewa kada a kuskura a ƙara gishiri idan ruwa ya ragu. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan. Maigida ya ninke ta ya sa a aljihu.

Kwana uku bayan haka na zo wanki, na sa hannu a aljihun kaftaninsa, na ciro takardata yadda ya ninke ta. Da na nuna masa, cewa ya yi, "Haba, sai in miƙa wa Darakta takarda kamar ɗan makaranta?"

Kifayen ba su yi sati biyu ba suka mutu. Yana cin tuwo ya faɗa mini, tsakanin loma da loma. Wai ruwan ya ragu, mutanen gidan suka dama gishirin miya suka cika shi. Ya ƙara da cewa Darakta bai ji daɗi ba, yana ganin kamar marasa lafiya aka kai masa. Wannan ne abin da ya dame shi.

Da jerin sunayen waɗanda aka ba gida ya fito, babu nasa. A Suleja ya yi ritaya, a nan muka aurar da yaranmu.

Har ya tsufa, idan abokansa suka zo hira, yakan gyara zama ya ce, "Ni nan da kuke gani, na raya kifin teku a garin nan fiye da shekara biyu, ba wuta ba ruwa." Su yi ta jinjina masa. Ni kuma in ajiye musu tiren shayi, in tambaya ko sukari ya ji, in koma ciki.