Alamar da Na Zana a Bangon Gidana

Ko me zan manta a duniya, ban da shekarar da na ɗauki alli na rubuta ƙarya a bangon gidana. A lokacin ina noman rani a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, tumatir da albasa a bakin kanal. Masu riga-kafin shan inna na bi gida-gida, su ɗiga wa yaro magani a baki, su shafa masa tawada a farce, su yi alama da alli a bango. Ni kuwa na hau kan zancen majalisa na zauna, wai ɗigon yana hana haihuwa. Ban tambayi wanda ya sani ba.

Da yake ba na son rigima da mai unguwa, sai na yi dabara. Da sun yi wa maƙwabcina, sai in kwafi alamarsa a bangona, in shafa wa 'yata 'yar shekara biyu tawadar da na saya, masu zuwa daga baya su wuce. Zagaye uku ina haka. Uwarta ta yi magana, na ce ba shawara na nema ba.

Wata safiya bayan zazzaɓin kwana biyu, yarinyar ta yunƙura za ta taso wurina, ƙafar dama ta naɗe kamar tsumma. Na tsayar da ita, ta sake zubewa. A asibiti aka ce shan inna ce.

Abin da ya fi girgiza ni yana gaba. Kowa ya ga tawada a farcenta, sai gari ya ɗauka ɗigon ne ya shanye ƙafar. Da masu riga-kafin suka dawo, magidanta suka rufe ƙofa. Na yi shiru, don kunya ta fi mini 'ya'yan mutane.

Mai unguwa ya taho da shugabar masu riga-kafin, wata dattijuwa, har ƙofar gidana, jama'a na biye. Ta daɗe tana kallon bangon.

"Malam, yaranka nawa?"

Na ce ɗaya ce.

"To, nan an rubuta biyar. Wa ya ɗiga wa sauran huɗun?"

Ashe lambar yawan yaran gida ce, ni na ɗauka zane ne kawai. Maƙwabcina mai 'ya'ya biyar ya dube ni. Nan na faɗi komai. Dattijuwar ba ta zage ni ba, ta dai ce a fito da yara, aka kuwa fito da su.

Yau 'yata ta zama budurwa, da sanda take tafiya, ba ta taɓa yi mini gori ba. Na koyi cewa wanda bai sani ba ya tambaya. Na zaci ma'aikata nake yaudara, ashe ƙafar 'yata na bayar.