Laraba da Alhamis na Shanun Babana

Da babanmu ya rasu aka zauna rabon gado, 'yan'uwana mata suka ɗauki gonar bakin rafi, ni kuma aka ba ni tsohon gidanmu da kwana biyu a mako. Haka kawuna ya faɗa a zaure: "Kai kuma Laraba da Alhamis naka ne."

Shanun huɗa yake nufi. Tun shekarar da aka daina fam aka koma naira, babana da abokansa biyu suka haɗa hannu suka sayi bijimai biyu da garma. Ɗaya Alhaji ne mai sayar da goro, ɗayan kuma dattijon coci ne da muke kira Baba. Alhaji ya ɗauki Asabar da Lahadi tunda Baba ba ya aiki ran Lahadi, Baba ya ɗauki Litinin da Talata, sauran biyun na babana. Juma'a shanun su huta a gidan Alhaji. Wanda kwanansa ya zo shi ke ciyar da su, rani da damina. In bijiman suka tsufa a sayar a sayo matasa, a ci gaba. Ba wanda ya taɓa tambayar yaushe abin zai ƙare.

Ni a lokacin malamin firamare ne a Malumfashi. Innata ta koma Funtua wajen yayata, gidan ƙauye ba kowa sai jemagu. Ban da gona, ban da mata, ban da ko rumbu. Amma duk Talata da la'asar sai na hau keke na yi tafiyar awa guda da rabi, na tarar da Baba tsaye a ƙofar gidanmu riƙe da igiya.

"Ɗana, ga amanarka."

In ɗaure su a turke, in zuba harawa, in jiƙa dusa da kanwa. Da asuba in janyo musu ruwa, in hau keke in isa makaranta rigata jiƙe da gumi. A aji ina rubutu a allo, hankalina yana kan ko farin bijimin ya sake warware igiya. Ana tashi in sake juyawa. Har ranakun da ba nawa ba ban zauna lafiya ba, domin daga Asabar na fara neman inda zan samo harawar mako mai zuwa.

Na fara da Alhaji. Na ce ya sayi kwanakina.

"Malam, ni ma nawa biyun sun ishe ni. Bari dai a gama kaka mu gani."

Aka gama kaka, ya ce bari a sayar da auduga. Baba kuwa hannayensa ya buɗe mini, ya ce gwiwoyinsa ba za su ɗauki kwana huɗu ba. Na ce to a sayar da shanun gaba ɗaya kowa ya kama gabansa. Su biyun suka dube ni kamar na zagi kabarin babana.

Sai na shiga cigiya. Na faɗa a ɗakin malamai, na faɗa wa mai gyaran kekena, na faɗa wa duk wanda muka jera a hanya. Wani mahauci a kasuwar Malumfashi ya saurare ni har ƙarshe, yana wasa wuƙa.

"Malam, ni ban san yadda ake yanka Laraba ba. Nuna mini ƙafar da take taka in saya."

Da damina ta faɗi na ba wani maƙwabci aron kwanakin, ya yi huɗa ya ciyar da su. Mako uku na samu ina barci a ɗakina. A na huɗu, ina tsakiyar darasi na ga Baba a bakin ƙofar aji, ƙafafunsa duk taɓo. Motar itace ya hau ya zo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wuyan jan bijimin ya yi gyambo, mutumin yana ɗaura musu karkiya tun hantsi har magariba, gonarsa da ta surukinsa.

"Babanka bai taɓa maido mana da su da ciwo ba."

Yara suna kallona. Na ajiye alli na bi shi.

Daga nan suka kafa sharaɗi: duk wanda zan sayar wa, sai sun yarda da shi. Na ƙara shekara guda a kan keken nan. Hedimasta ya kira ni sau biyu kan makara. Na taɓa tsayawa a tsakiyar hanya, tayar baya ta sace, na zauna gindin wata ɗorawa ina tunanin in kwance bijiman in kora su daji in ce ɓarayi ne.

Mai saye na farko da dattawan suka yarda da shi wani manomi ne mai sanyin hali, ɗan'uwan matar Baba. Sai dai ya ce damina kaɗai yake so, ba zai ciyar da shanu wata bakwai suna kwance ba. Na kamo hanyar Malumfashi. A hanya na tsaya shan ruwa wajen wata Hajiya mai injin niƙa a bakin titi, na ba ta labari don dai in sauke abin da ke raina. Ta nuna mini buhunan dusa jibge a bayan inji.

"Ni rani nake so. Ina da amalanke ba abin ja, masu hatsi suna ta kukan ɗauko kaya daga ƙauyuka. Abinci kuwa ga shi yana ruɓewa."

Ban koma Malumfashi ba a ranar. Na juya na tara dattawan da manomin da Hajiya a zauren Alhaji, na ce manomin ya ɗauki damina, ita ta ɗauki rani. Alhaji ya ce, "Wato yanzu mun zama huɗu." Baba ya tambayi Hajiya wa zai riƙa kora su, da buhu nawa za a ɗora. Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai. Abin da suka biya ni bai kai rabin abin da na sa rai ba, na karɓa hannu biyu.

Bayan wata biyar aka aiko mini da takarda makaranta. An yi ruwa sau ɗaya ran Talata sannan ya ɗauke. Manomin ya ce damina ta shiga, Laraba tasa ce. Hajiya ta ce yayyafi ɗaya ba damina ba ne, kuma ta riga ta yi wa mutane alkawarin kaya. Suna so in zo in raba gardama, tunda ni na sayar. Na juya takardar na rubuta a bayanta cewa ina gaishe su duka, Alhaji da Baba sun fi ni sanin ruwa. Na ba direban da ya kawo ta, na koma aji.