Gidan da Yaya Sadi Ya Zana wa Inna

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar yayana Sadi a nan Dubai, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Mai zanen gine-gine ne, ni kuma ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya, shi ya yi mini hanya na zo garin nan. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, domin labarin ba ya faɗuwa ba tare da na tona kaina ba.

Duk baƙon da ya sauka wurin Yaya ya sha wahala iri ɗaya. Mutum ya taso daga Kano yana ɗokin ganin dogayen benaye, sai Yaya ya ja shi da tsakar rana zuwa wani lungu a bayan unguwar Al Rigga, ya tsayar da shi gaban wani tsohon gida fari, rufinsa shimfiɗaɗɗen kankare, ba ado ko na ƙwabo. Sai ya ce, "Yalla, maza taɓa bangon nan." Ka taɓa ka ji shi da sanyi-sanyi, alhali takalminka na neman narkewa a kan kwalta.

A cewarsa, gidan yana cikin na farkon da aka yi da siminti da miƙaƙƙen layi a unguwar, kuma wanda ya zana shi ya san rana. Ya juya wa yamma baya, ya jera dogayen tagogi ta arewa, kowace da rumfar kankare a kanta, ya sa bulo mai huji inda iska ke bi. Yaya yana kiransa kakan gidajen garin, don kowa shi ya kwaikwaya. Sai dai jikokin sun ɗauki farin fenti da gilashi sun bar inuwar, na'urar sanyaya ɗaki ce ke rufa musu asiri. 'Yan kasuwarmu masu zuwa sari a unguwar Naif kuwa jikokin suke ɗauka a waya su kai wa magini a gida. Ni dai tsokanarsa nake yi, ina cewa ya nemi aure ya ƙyale tsohon bango, shi kuma ya ce ai bangon ba ya yi masa surutu irin nawa.

An rushe gidan bayan rasuwarsa, yanzu motoci ake ajiyewa a filin. Da yana raye na san zai yi kwana uku bai ci abincin kirki ba. Amma ba wannan ne ke ci mini rai ba.

Aikinsa na ƙarshe zanen gidan mahaifiyarmu ne, Inna, a wani fili da ya saya mata a Kano. Irin wancan gidan ya zana mata, ƙarami, daidai tsohuwa mai hawan jini a garin da wuta ba ta zama. Titin filin yana yamma, saboda haka gidan ya juya wa titi baya. Bai ga ko tubalin farko ba, ginin ya dawo hannuna, ina bin sa ta waya daga nan.

Ranar da za a haƙa harsashi Kawu, ƙanin Inna, ya kira ni, magini na tsaye kusa da shi. Ya ce, "'Yar nan, wane irin gida ne zai juya wa jama'a ƙeya? Ɗan Dubai guda ya yi wa uwarsa gini, mai wucewa ya ga bango kamar gidan yari? Kuma wannan rumfar duk ta rufe gilashin." Ina cikin jirgin ƙasa, na tashi daga aiki a gajiye, kuma gaskiya ni ma ina son a ga gidan a san daga ina ya fito. Na ce, "To Kawu, khalas, shi ke nan, ku juya shi." Suka juya shi, suka cire rumfar. Na taɓa bangon nan na Al Rigga ya fi sau goma, ba zan ce ban sani ba.

Gidan ya yi kyau a hoto. Daga azahar kuwa falon ya zama tanderu, labule uku ba su hana komai ba. Inna takan ɗauki tabarmarta ta koma zauren maƙwabta har magariba. Na sa an kafa mata na'urar sanyi da sola, ta ce iskar tana sa mata ciwon ƙafa. Na tambayi wani abokin aikin Yaya ko akwai gyara, ya duba hotunan, sannan ya ce sai dai a rushe gaban duka. Inna kuwa ta rantse ba mai taɓa ginin ɗanta tana raye.

Da na je hutu bana, na tarar gida biyu a layin sun kwaikwayi namu, gilashinsu na kallon yamma, ana haƙa na uku. Magini ɗaya ne, har suna ya ba samfurin, wai zanen Sadi Dubai. Abin da ya rage na Yaya a duniya ke nan: sunansa a kan ainihin abin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da shi, kuma yana yaɗuwa. Ban ga yadda zan tsayar da shi ba, kuma ina jin kunyar kaina.

Inna ba ta san an juya gidan ba. Kawu bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba. Jiya da na kira ta don addu'ar cikar shekara biyar, ina jin hayaniyar zauren maƙwabta a bayanta. Ta ce, "Allah Ya jiƙan Sadi, ya yi iya ƙoƙarinsa. Daɗewa ce ya yi a can, har ya manta zafin garinsu. Na yafe masa."

Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, sai na ji kaina na ce amin.