Waƙafin Injin

Har gobe ban manta da ranar da Alaramma Malam Habu na Zinyau ya shigo garejinmu na Rano ya yi mana fatawar kamshaf ba. Ku yaran yanzu da kuke dariya in na ce a duba waƙafin mota, ku gyara zama. Firamare ban gama ba, amma wannan darasin na haddace shi.

Lokacin Oga Ɗanlami ne babban bakanike, ni ne na biyunsa, mai kula da kan injin. Alaramma yana da tsohuwar mota mai dogon baya, ƙanensa Sani ke ja. Ita ke kai albasa kasuwa, ita ke kawo marar lafiya asibiti, don a unguwarsu babu wata. Da lodi ya yi yawa sai ta riƙa nishi a hawa. Bayan damina Sani ya je Kano ya sayo turbo, wato abin da ke cusa wa injin iska da ƙarfi, ya haɗo da wani kamshaf mai manyan ƙusumbi irin na motar tsere.

Ga wanda bai sani ba, kamshaf ba shi da dangantaka da ƙamshi, warin baƙin mai kawai yake yi. Sandar ƙarfe ce mai ƙusumbi, ita ke buɗe bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi, kowanne a kan lokacinsa.

Sani ya ga irinsa a waya, mota na tsaye tana gurnani tana karkarwa, shi ma gurnanin yake so. Oga ya juya ƙarfen ya ce ba zai ɗaura ba. Dalili fa? Oga ya ce, "Ba zai yi ba." Haka yake, hannunsa ya san komai, bakinsa rowa. Sani ya ce to gobe zai kai motar Kano a ɗaura masa. Mu kuwa mun san in aka ɗora turbo haka a kan tsohon injin, bugawa zai yi, Zinyau ta kwana ba mota.

Washegari da hantsi sai ga Alaramma da kansa. Bai yi faɗa ba. Ya naɗe hannun babbar riga, ya ce a nuna masa. Na ɗora kamshaf ɗin Sani a kan wani tsohon kan injin ina juyawa a hankali, shi yana tsugunne yana kallon bawul. Ya sa na maimaita. Can ya nuna da yatsa ya ce mini, "Malam Isa, nan duka biyun a buɗe suke, kuma sun jima."

Na ce haka ne, Allah gafarta Malam. Oga ya ƙara da cewa iskar da turbo zai turo, ta nan za ta zarce salansa, wato bututun hayaƙi, ta fice a banza.

Alaramma ya dubi ƙanensa. "Sani, ashe ƙarfenka bai san waƙafi ba. Tun kana yaro nake fama da kai a kan wannan. Ka ɗauki karatu da ƙaton murya, ba ka san inda ake tsayawa a ja numfashi ba, sai ka shaƙe a tsakiya."

Sani ya ce, "Yaya, ai gurnanin..."

"Raƙumi ma yana yi, ka taɓa ganin ya ci tsere da babur?"

Daga nan ya tambayi Oga me ya kamata. Ranar na fara jin Oga ya yi dogon zance. Ya ce kamshaf matsakaici, wanda ke rufe ƙofar hayaƙi da wuri. Sai sifirin na bawul masu ƙarfi, kada su yi lilo. Fistin da gasket masu jure matsi, nozul da famfon da za su ba da isasshen fetur, in ba haka ba fistin ya narke. Lagireto babba, kuloci sabo. Sannan mai na'ura ya zo daga Kano ya saita. Alaramma ya ce wato babbaƙu da farfaru kafin zube. A ajiye turbo a kan kanta sai injin ya iya baƙi.

Haka turbo ya zauna yana kallonmu har aka fara cire albasa, ana kawo kaya ɗaya bayan ɗaya. Kullum Sani sai ya leƙo ya share masa ƙura kamar mai zuwa zance.

Da aka gama aka ɗora turbo, Sani ya tayar, ya kasa kunne, ya ɓata rai, wai shiru kamar keken ɗinki. Muka cika ta da buhuna muka kama hanyar Kibiya, ni da Alaramma a ciki. A hawan da take nishi, ta haye ko giya Sani bai sauke ba. Alaramma ya shafa gaban motar ya ce, "Madalla."

Abin da na koya, mai hannu irin Oga yana bukatar mai tsugunawa ya duba kafin ya yanke hukunci. Kamshaf ɗin Sani kuwa ga shi can, da shi muke tokare ƙofar gareji. A nan dai ya iya waƙafi.